Yadda ake riƙe ayyukan ofis a littafi guda ɗaya

Na yi shekaru ina rubuta abubuwa a duk inda hannuna ya faɗa: lambar waya a bayan ambulan, alƙawarin da na yi wa oga a gefen takardar da aka raba a taro. Ranar da na daina ita ce ranar da aka tambaye ni wata wasiƙa da na ɗauki nauyin aikawa. Na zazzage durowa kaf, daga ƙarshe na tsinci guntuwar takardar da na rubuta alƙawarin a kai a ƙarƙashin madannin kwamfuta, wa'adin ya wuce da mako guda. Rubutun ba shi ne ya gagare ni ba, wurin da zan koma in same shi ne babu.

Saboda haka matakin farko shi ne ka tsayar da littafi ɗaya tak, komai na aiki ya shiga cikinsa. Girman A5 ya fi, wato rabin takardar A4, santimita 14.8 a faɗi da 21 a tsawo. Yana shiga jaka, kuma ba ya cinye tebur. Nemi mai bango mai tauri don ka iya rubutu a tsaye, wanda aka ɗinke shafukansa don kada su zube, mai takarda mai kauri, giram 80 a kowane murabba'in mita ko sama da haka, don kada tawada ta ɓullo ta baya. Kafin ka rubuta komai, zauna ka sa wa shafukan lamba. Ka bar huɗun farko, ka rubuta musu "Abubuwan da ke ciki". Duk lokacin da ka buɗe wani muhimmin batu, sai ka dawo nan ka sa sunansa da lambar shafinsa.

Kowace safiya ka rubuta kwanan wata a inda rubutun jiya ya tsaya, ka ja layi a ƙarƙashinsa. Alamomi uku sun ishe ka: ɗan akwati a gaban aikin da za a yi, ɗan da'ira a gaban taro ko ganawa, ɗan gajeren layi a gaban bayanin da kawai kake son tunawa. Masu sayen birori kala bakwai, yawanci mako biyu suke yi su gaji. Baƙin biro ɗaya da ja ɗaya sun wadatar, jan kuma na wa'adi ne kawai.

A nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe: yadda ake rubuta aikin kansa. In ka rubuta "rahoto" ka bar shi haka, gobe za ka tsaya kana kallonsa, domin bai gaya maka abin da za ka yi ba. Rubuta "aika wa sashen kuɗi rahoton wata kafin Alhamis, 12 na rana". Ga abin yi, ga mai karɓa, ga lokaci. In aikin babba ne, kamar shirya taron shekara, kada ka sa shi a akwati ɗaya. Ba shi shafinsa, ka daddatsa shi, sannan ka ɗauko abu na farko da hannunka zai iya taɓawa yau, ko da kiran waya ne.

Taro kuma yana son nasa tsari. Walter Pauk na Jami'ar Cornell a Amurka ya fito da wata hanya a shekarun 1950 domin ɗalibai, kuma ta dace da ofis ƙwarai. Ka ja layi daga sama zuwa ƙasa, ka ware kamar santimita 6 ta hagu, ka kuma bar kamar santimita 5 a ƙasan shafin. Babban filin dama na abin da ake faɗa ne. Ni a filin hagu nake sa wa zai yi me, kuma yaushe. Na ƙasan sai an tashi nake cike shi, da layi biyu ko uku na abin da aka yanke.

Kada ka ce sai ka kama kowace kalma. A 2014, Pam Mueller da Daniel Oppenheimer sun wallafa wani bincike da ya nuna ɗaliban da ke rubutu a kwamfuta sun fi kwafe magana kalma da kalma, yayin da masu biro suka fi su amsa tambayoyin fahimta. Hannu ba shi da sauri, dole ya zaɓa, kuma zaɓen nan shi ne sauraro. Rubuta shawarar da aka yanke, adadi, suna da wa'adi. In wani ya ce zai turo maka abu, maimaita masa a gaban kowa, "Talata ke nan ko?", ka rubuta yana kallo.

Ware shafi guda ka kira shi "Ina jira". Duk abin da ke hannun wani yana nan, da ranar da ka nema. Shafin nan ya sha fitar da ni kunya.

Ƙananan takardun nan masu manne kansu, waɗanda kamfanin 3M ya fara sayarwa a faɗin Amurka da sunan Post-it a 1980, ba ma'ajiya ba ne. Ni amfani biyu nake yi da su. In saƙo ya same ni littafin yana nesa, in rubuta, in mayar da shi littafi kafin in tashi, takardar ta tafi kwandon shara. Na biyu, da safe in rubuta ayyuka uku da ba zan bar ofis ba sai na yi su, in manna a bangon littafin. Uku, ba goma ba.

Sai abin da ke raya tsarin duka: minti goma kafin tashi. Bi shafin yau layi-layi. Wanda aka gama, cike akwatinsa. Wanda ya daina amfani, ja masa layi, ba laifi ba ne. Wanda ya rage, sa masa kibiya, ka sake rubuta shi da hannunka a ƙarƙashin kwanan gobe. Na san za ka ce ɓata lokaci ne, tunda manhaja tana tura shi gaba da kanta. Ai wannan ce matsalar manhajar, aiki zai yi wata uku yana bin ka ba ka ji nauyinsa ba. Amma in ka ga kana kwafe abu ɗaya karo na uku, hannunka da kansa zai tsaya. Lokacin ne za ka tambayi kanka gaskiya: ya yi girma ne in raba shi, na wani ne in miƙa masa, ko tsoronsa nake ji? In tsoro ne, shi zai zama na farko cikin ukun gobe.

A ranar ƙarshe ta mako ka ƙara minti ashirin, ka duba "Ina jira", ka kira waɗanda suka yi shiru, ka daidaita wa'adai da kalanda. Kada ka rubuta kalmar sirri ko bayanan asusun kowa a ciki, domin littafi yana iya kwana a ɗakin taro. Idan ya cika, rubuta ranar farawa da ta gamawa a bangonsa, ka kwashe akwatunan da ba a cike ba zuwa sabo, tsohon kuma ka ajiye shi kusa, don watanni biyun farko za ka riƙa komawa gare shi.