Yadda ake tada jigo a lambu ba tare da ya karya maka baya ba

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, masu ƙananan lambuna a fadamarmu suka fara jingine injin ban ruwa suna cigiyar jigon kakanninsu, wato doguwar sandar ɗebo ruwa mai guga a kai da nauyi a gindi. To amma tun shekarun 1990 da shirin Fadama ya kawo injuna jigo ya ɓace daga bakin rafi, waɗanda suka iya kafa shi kuma sun tsufa. A rani guda na ga samari uku sun kafa, duk sun watsar kafin albasa ta yi kai, kuma a wuri ɗaya suka faɗi.

Fara da auna zurfin ruwanka. In daga bakin rijiya zuwa ruwa ya wuce mita 3, haƙura, jigo ba naka ba ne.

Sai ginshiƙai biyu masu gwafa. Ƙirya ce itacensu, don gara ba ta cika cin ta ba, sai dai yanzu ta yi tsada kuma ta yi wuya. In darbejiya ka samu, babbake gindin ka shafe shi da baƙin mai na wurin bakanike, wanda kusan kyauta ne. Binne su kamu biyu, ka daddale ƙasar, ka gitta gajeren itace a kan gwafannin. Doguwar sandar kuwa gora ce ko itacen turare, mita 4 zuwa 5. Kada ka buga mata ƙusa. Rataye ta da igiya a ƙarƙashin gicciyen don ta riƙa juyawa gefe, kashi ɗaya a baya, kashi uku wajen ruwa.

Yanzu ga inda ake faɗuwa: nauyin gindi, wato dunƙulen lakar da ake ɗaurawa a ƙarshen sandar na baya. Sabon shiga yakan ɗauka aikin dunƙulen lakar nan shi ne ya ɗago cikakken guga shi kaɗai, sai ya lafta laka har sai ya rataya da dukan jikinsa kafin guga ya taɓa ruwa. Kwana uku kafaɗa ta riƙe. Wani kuma ya sa kaɗan, ya koma jan ruwa da ƙugunsa kamar a rijiyar gida. Gwajin da wani tsoho ya koya mini shi ne ka zuba ruwa rabin guga ka saki. In ya tsaya cak a sama, bai hau ba bai sauka ba, ka dace.

Kuma kada ka yi wannan gwaji da ɗanyar laka. Nan ni ma na sha kashi. Na kwaɓa laka da ƙaiƙayi, na daidaita ta tsaf da yamma, bayan kwana huɗu hunturu ya shanye ruwan jikinta, jigo ya yi sakayau, ga dashen tumatir yana jira. Ka sa ta fiye da yadda kake so, ka naɗe da buhu ka ɗaure, ka bar ta ta bushe, sannan ka gwada. In ta yi yawa ka ɓanɓare, in ta gaza ka cusa dutse cikin ɗaurin.

Guga, in ka sami babbar ƙwarya ita ce asali, in babu ka yanke jarka ta ɗauki lita 10 zuwa 12. Bokitin ƙarfe ban yarda da shi ba, nauyin banza ne kuma yana fasa bakin rijiya.

Inda za ka riƙa juye ruwa, shimfiɗa tsohuwar tabarma don kada ya zaizaye ƙasar. Daga nan magudana ta gangara zuwa fangali, yaro da fartanya yana buɗe wannan yana toshe wancan. Duba igiyar ratayen duk mako, ita ke fara cinyewa. Da damina ta faɗi, sauke sandar ka kai ta ƙarƙashin rumfa.