Yadda na gyara foldar haɗin gwiwa tsakanin Windows da Ubuntu a VirtualBox

A shagona na buga takardu da ke wani ƙauye kusa da Ringim, kwamfutata tana aiki da Windows, a cikinta kuma na girka Ubuntu, wani tsarin aiki na Linux, ta VirtualBox, manhajar da ke ba da damar gudanar da wani tsarin aiki a cikin wani. Da yake intanet ba ta da ƙarfi a nan, tura fayil ta imel tsakaninsu asarar data ce, shi ya sa na nemi folda guda da dukansu za su gani.

Na zaɓi foldar a sashen Shared Folders na VirtualBox, na kunna Auto-mount don ta riƙa haɗuwa da kanta, amma ba ta bayyana a Ubuntu ba, domin babu Guest Additions, manhajar da ke ɗauke da vboxsf, direban da ke haɗa irin wannan folda. Na girka build-essential da dkms, kayan aikin da ke taimakawa wajen haɗa direban, na saka faifan Guest Additions daga menu na Devices a VirtualBox, sannan na gudanar da VBoxLinuxAdditions.run.

Foldar ta fito a /media/sf_takardu, sai dai ta ƙi buɗuwa, saboda root, wato babban mai iko da tsarin, da 'yan rukunin vboxsf kaɗai ke da izinin shiga. Don in saka kaina cikin rukunin, na rubuta sudo usermod -aG vboxsf $USER. Harafin "a" na cikin -aG ɗin nan yana da muhimmanci ƙwarai, don in babu shi za a cire mutum daga sauran rukunoninsa, har da na sudo, wanda ke ba shi ikon gudanar da umarni a matsayin root. Izinin bai fara aiki ba sai da na sake kunna Ubuntu.