Kafin ka sayi na'urar noma ta zamani, gwada ta a kunya kaɗan tukuna

'Yan uwa manoma ga shawara. Duk wata sabuwar fasaha da aka kawo maka, ko na'urar auna danshin ƙasa ce ko bututun ban ruwa mai ɗigo, kar ka shimfiɗa ta a gona gaba ɗaya. Ware 'yan kunyoyi ka sa ta, na kusa da su ka noma yadda ka saba. Iri ɗaya, taki ɗaya, ranar shuka ɗaya.

Sai ka samu littafi kana rubuta man inji, kuɗin lebura da buhunan da kowane ɓangare ya bayar.

Dalili kuwa, manomi ba surutun mai talla ke sa shi karɓar abu ba, sai ya gani da idonsa cewa kuɗinsa zai dawo, kuma ko abin ya ƙi asarar ba za ta karya shi ba. Maƙwabta ma in sun ga bambanci da kansu za su zo tambaya, daga nan sai ku haɗa kuɗi ku sayi babba ku riƙa karɓa-karɓa.

Fara da mara tsada ma. Manhajar Plantix hoton ganye kawai za ka ɗauka ta faɗa maka cutar da take zato, amma fa tana son data.

Inda dabarar ke ba da matsala: in ƙasar ɓangarorin biyu ba iri ɗaya ba ce lissafin ya rushe. Shekarar da ruwa ya wadata kuma na'urar danshi ba za ta nuna amfaninta ba, sai ka maimaita. In gonar haya ce kar ka binne kuɗinka a bututu. Kuma tambayi mai sayarwa wa zai gyara in ta lalace, in ya fara kame-kame rabu da shi.