Kurakuran da Ake Yi Wajen Tantance Jarrabawar Ƙwarewa

Akwai jarrabawar da aikinta jera ɗalibai daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Akwai kuma jarrabawar ƙwarewa, wadda tambayarta guda ce: wannan ɗalibin ya iya abin da aka ƙayyade, ko bai iya ba? Robert Glaser, masani ɗan Amurka, shi ya fayyace wannan bambanci a 1963, kuma yawancin kurakuran daga mantawa da shi suke tasowa.

Wanda ya fi damuna shi ne cire tambaya don kowa ya amsa ta daidai. A jarrabawar jeri hakan na da dalili, tunda tambayar ba ta rarrabe kowa. Amma idan an koyar da haɗa ɓangarorin lamba, aji duka suka ci, mai yiwuwa koyarwar ce ta yi kyau. Kafin ka yanke hukunci, ka ba waɗanda ba a koya wa darasin ba wannan tambayar. In su ma sun ci, ba ta auna komai. In sun faɗi, ka bar ta.

Haka ma dogaro da ma'aunin alfa na Cronbach, wanda ya fito a 1951, mai auna ko za a iya dogara da makin jarrabawa ta hanyar duba yadda tambayoyinta suka dace da juna. Yana sauka idan makin ɗalibai ya yi kusa da juna, abin da ake fata kenan bayan koyarwa mai kyau. Masana biyu, Popham da Husek, sun ja kunne a kan wannan matsala tun 1969. Abin da ya dace: ka shirya jarrabawa biyu masu nauyi ɗaya, ka ba rukuni guda na ɗalibai duka biyun, ka ƙirga nawa ne hukuncinsu na ci ko faɗuwa bai sauya ba.

Makin ci kuma, sau da yawa 50 ake sawa don an saba. A hanyar da masani Angoff ya gabatar a 1971, ƙwararru kan ɗauki tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, su kimanta yiwuwar wanda ƙwarewarsa ta kai daidai bakin iyaka ya amsa kowace, sannan a haɗa kimar.

Tambaya biyu ba sa isa shaida a kan ƙwarewa guda. In zaɓi huɗu ne, mutum 1 cikin 16 zai ci duka biyun da canki-canka kawai. A ƙara yawansu.

Sai kuma a riƙa ɗora kowace tambaya a kan manufar da aka rubuta. In manufar ta ce ɗalibi ya iya rubuta wasiƙa, to a sa shi ya rubuta, kada a tambaye shi sunayen sassanta.