Yadda na shawo kan iskar hunturu a kan keke

Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa. Wanda ya fita Bauchi ta hanyar Jos, ita za ta tura shi, amma a dawowa sai ta tare shi gaba da gaba bayan ƙarfi ya ƙare. Na juya tsarin: in fara bin hanyar Darazo da sassafe, in dawo tana bayana.

Idan ta taso ta gaba, kada a nace wa giya mai nauyi, gwiwa ce za ta ji a jika. A sauko giya biyu, feda na juyawa kamar sau 85 a minti, a sunkuya, a matse gwiwar hannu ciki. Babbar riga kuwa cika take da iska, tana jan mutum baya.

Ta gefe ta fi haɗari, musamman in tirela ta wuce: ta kare iskar, sannan ta sake ta lokaci guda. A sassauta riƙon kan keke, a ci gaba da taka feda, a bar tazara daga bakin kwalta.

Kaca kuma na daina sa mata baƙin mai, don ƙura yake kamawa har ta cinye haƙora. Wanki da kalanzir, ɗigon man keken ɗinki, sai a goge da tsumma.