Kurakuran da Ke Dafa Mana Iri Tun Yana Cikin Rami

Duk wanda ya taɓa ratsa gona ba takalmi a watan Afrilu, a gefen Garwa ko Marwa a arewacin Kamaru, ya san yadda ƙasa ke zama. Iska tana kai digiri 40 a inuwa, amma saman jigawar da aka bari tsirara yakan wuce digiri 50 da azahar. Kai mai ƙafa sai ka ruga gindin bishiya. Ƙwayar irin da ke cikin rami fa, ina za ta? In shuka ta ƙi fita, sai ka ji ana zargin iri, ko ruwa, ko taki. Zafin ƙasa ba a cika sa shi a lissafi ba, alhali hannunmu ne ke ƙara shi, hannunmu ne ke rage shi.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne a share gona ƙal, a tara kara da ganye da ciyawa a cinna musu wuta, a ce an yi sassabe mai kyau. Wannan tarkacen shi ne rigar ƙasa. Yana tare rana, yana hana danshi tashi, ƙasa mai danshi kuma ba ta saurin ɗaukar zafi, domin ruwa sai ya sha rana sosai kafin ya yi ɗumi. Baƙin da wuta ta bari kuwa jan zafi yake kamar baƙar riga, tokar kuma iskar bazara ta kwashe ta kafin ruwa ya sauka. Ina yaro kawuna ya taɓa kirana tsakar rana, ya ɗaga wani tarin karan dawa da aka manta ba a ƙone ba, ya ce, "Sa hannunka nan, ɗana." Ƙasar da sanyinta, har da ɗan laushi. Ya ce in matsa taku ɗaya in sake sawa. Ban iya barin tafina a wurin ba.

Gyaran shi ne a bar karan a kwance. Kamfanin Sodecoton da cibiyar binciken noma ta IRAD sun daɗe suna gwada wannan da manoman auduga: a bar karan dawa ko na masara ya lulluɓe gona, badi a shuka auduga a cikinsa ba tare da huɗa ba. Na san abin da za a ce mini, kuma gaskiya ne. Kara abincin dabbobi ne, da shi ake danga, da shi ake girki, kuma kaka na wucewa shanu za su shigo. Ba na cewa kowa ya bar dabbarsa da yunwa. Harawar wake da ta gyaɗa a kwashe, kuɗi ce. Amma kara a raba shi, a bar wa gona rabonta, a fara da wuraren da suka fi gajiya, musamman fako, inda ruwa ke gudu ya bar ƙasa kamar daɓe. Masu tsoron gara ma su kwantar da hankali. A fako, ramukan da gara ke haƙawa tana cin kara su ne ke buɗe wa ruwa hanya. Abin kiyayewa kawai, kada a tara busasshiyar ciyawa a jikin gindin shuka, a ɗan ja ta baya.

Sai gaggawar shuka. Ruwan farko ya sauka, ƙamshin ƙasa ya tashi, kowa ya ɗauki sungumi. Sau da yawa ruwan bai ratsa tsawon yatsa ba. Iri ya tsira, rana ta dawo kwana goma, sai ka tarar da tsiron ya ƙone daidai wuyansa, inda ya taɓa saman ƙasa, domin nan ne zafi ya fi tsanani. Gero ya fi masara juriya nesa ba kusa ba, amma shi ma ɗan tsironsa yana mutuwa a haka. Kafin ka shuka, tona ka gani. In danshi bai kai taƙi guda ba, haƙuri ya fi. Zurfin rami ma da magana. Zafin rana a sama-sama yake tsayawa, kana nitsawa yana raguwa. Masara tana son kamar santimita 5, gero da yake ƙwayarsa ƙanana ce 2 zuwa 3 ya isa, in ka wuce haka kuma ba zai iya fitowa ba.

Kunya ba ko'ina take da amfani ba. Tudun kunya yana shan rana ta sama da gefe biyu, don haka ya fi shimfiɗaɗɗiyar ƙasa saurin zafi da bushewa. A laka ko fadama, inda ruwa ke kwanciya, wannan alheri ne. A jigawar da ruwanta kaɗan ne, doguwar kunya cutar shuka take. A rage mata tsayi, a datse kwarin da ƙasa nan da can don ruwa ya tsaya ya nitse.

Mai gyaɗa ya fi kowa bukatar jin wannan, tunda 'ya'yanta a cikin ƙasa suke girma. In aka ba ta tazara mai faɗi, ganye ba ya haɗuwa, rana na dukan ƙasa kai tsaye. Zafi da fari a makonnin ƙarshe su ne ke ba wa fumfunar da ke haifar da gubar afulatoksin damar shiga kwanso, gubar da ke lalata hanta. A matse shukar yadda ganye zai rufe ƙasa da wuri, kuma in ta nuna a cire ta, kada a bar ta tana gasuwa. Haka wake a tsakanin dawa, inuwa yake yi wa ƙasa. Gawo kuwa, wanda ya sare shi ya yi wa kansa asara: da damina yake zubar da ganye ya bar wa shuka haske, da rani ya yi wa ƙasa laima.

A karal, baƙar lakar da ake dasa masakwa (dawar rani da mutanen Cadi ke kira berbere) wajen Oktoba, kuskuren na rami ne. 'Yan ƙwadago na sauri su gama, sai su soka itacen dashe sama-sama. Saiwa ta zauna inda ƙasa ke zafi tana tsagewa. Mai gona ya bi bayansu ya duba, ramin ya nitsa sosai, a zuba ruwa, a yi dashen da yamma.

Masu lambun albasa a bakin kogin Mayo Tsanaga da gaɓar Binuwai su ma suna da nasu. Ana yafa iri a fangali a bar shi fili. Irin latas da ƙasa ta haura digiri 30 sai ya ƙi tsira, na albasa ma fitarsa raguwa take in zafi ya yi yawa. A rufa busasshiyar ciyawa marar 'ya'ya, da an ga tsiro a ɗage ta, a kafa 'yar rumfa ta zana a sama. Ruwan da ya kwana cikin baƙar tiyo yana shan rana, a zubar da na farko gefe kafin a kai shi ga shuka, ban ruwa kuma da safe ko yamma. Ɗanyen kashin kaji ko na shanu zafi yake fitarwa yana ruɓewa, a bari ya huce tukuna. Baƙar leda da ake gani a hotunan gonakin Turai, su don su ɗumama ƙasa suke shimfiɗa ta. Mu da bazara dafa saiwa take.

Da hunturu kuma maganar juyawa take. A Disamba da Janairu dare na sanyi, sai ka ga renon shinkafar rani a Yagwa ko Maga ko Lagdo ya yi rawaya ya tsaya cak. Mutum ya ɗauka yunwa ce, ya yi ta watsa yuriya, kuɗi na tafiya ba canji, domin saiwar da ke cikin sanyi ba ta iya jan taki. Abin yi shi ne a ƙara zurfin ruwa da yamma, ruwan zai riƙe ɗumin yini ya raka tsiron har safiya. Mai shuka kuɓewa ko kankana a wannan lokaci shi ma ya rage kaurin ciyawar da ya rufa, ya bar rana ta ɗan taɓa ƙasa, sai zafi ya fara shigowa wajen ƙarshen Fabrairu ya mayar da ita.