Idan aboki ya gayyace ka Charsadda

Yawancin 'yan'uwanmu masu zuwa Pakistan karatu ko fita da'awa a Islamabad ko Lahore suke sauka. To amma ba za ka daɗe ba wani abokin karatu ɗan ƙabilar Pashtun zai ce lallai sai ka bi shi gida hutu. Idan ya ce Charsadda ne garinsu, ɗan'uwa, shirya jakarka.

Daga Islamabad babbar hanyar M-1 za ku bi, tafiyar kamar awa biyu. Garin yana lardin Khyber Pakhtunkhwa, kusan kilomita 30 daga Peshawar, a fadamar da kogin Swat ke gangarowa ya haɗu da kogin Kabul. Duk inda ka waiga rake ne, da taba, da alkama, da masara. Ruwan da ke ciyar da su shi ne kuma ya ci gidajen mutanen yankin a ambaliyar 2010 da ta 2022, don haka idan ana ruwa kamar da bakin ƙwarya a watan Yuli ko Agusta, ka ɗage tafiyar.

Tsohon gari ne ƙwarai. Sunansa na dā Pushkalavati, wato birnin bado, kuma ya taɓa zama babban birnin daular Gandhara. Kufansa na nan a tudun Bala Hisar. Yankin kuwa Hashtnagar suke ce masa, ma'ana garuruwa takwas, inda zuriyar Muhammadzai suka fi yawa. Sai a 1988 aka cire shi daga Peshawar ya zama gunduma mai zaman kanta.

Akwai suna ɗaya da ya kamata ka riƙe: Khan Abdul Ghaffar Khan, wanda kowa ke kira Bacha Khan. A Utmanzai aka haife shi a 1890, nan kusa da gari. A 1929 ya kafa ƙungiyar Khudai Khidmatgar, masu jajayen riguna, waɗanda suka ja da Turawan Ingila ba tare da ɗaukar makami ba, a ƙasar da namiji ke tinƙaho da bindiga. Har gobe maganarsa tana tayar da jijiyar wuya. Idan dattawa suka ɗauko ta, ko kisan da aka yi wa mabiyansa a Babrra a 1948, ka saurara kawai. Baƙo ba ya raba gardamar 'yan gida.

Inda za a sauke ka hujra suke ce masa, kuma da ka shiga za ka gane zaure ne. Gadajen igiya jere a jikin bango, matasai, maza na shiga suna fita, yaro na zagayawa da buta ana wanke hannu. Za su tarbe ka da "staray ma shay", wato kada ka gaji, kusan dai sannu da zuwa irin tamu. Ka amsa da "khwar ma shay", ka ga yadda fuskoki za su washe. Koren shayi, qahwa, ba ya yankewa. Karrama baƙo suna ce masa melmastia, kuma abin mutunci ne a wurinsu: kada ka kuskura ka zaro kuɗi a gaban mai masaukinka, ko a kasuwa ne. Ranar farko da na je na cinye abincin tas don nuna ladabi, aka ƙaro, na sake cinyewa, aka sake ƙarowa. Sai da na koyi ɗaga hannu in ce "manana", na gode, da gaske.

Kamannin nan kada ya ruɗe ka. A gida za ka ce ina uwargida, a gaida iyali. A nan ka tambayi lafiyar gida a dunƙule, ka tsaya. Ba a tambayar sunan mace, ba a leƙa cikin gida, ba a ɗaga waya a ɗauki hoto inda mata ke wucewa. Idan da matarka ka je, mata za su shige da ita ciki, ba lallai ka sake ganinta ba sai lokacin tafiya.

A masallaci Hanafiyya ne. La'asar ɗinsu tana jinkiri fiye da yadda ka saba, wuturi kuma raka'a uku a haɗe. In ka saki hannu a salla wani zai tambaye ka. Ka ce mazhabar Imam Malik ce, magana ta ƙare.

Fasfo da biza kullum su kasance a aljihunka, domin akwai shingayen bincike. An kai hari Jami'ar Bacha Khan da ke Charsadda a Janairun 2016, jami'an tsaro ba sa wasa da baƙuwar fuska. Daga garin Shabqadar hanya ta miƙe zuwa yankin Mohmand, wajen iyakar Afghanistan. Kada ka nufi can sai da izinin hukuma, ko waye ya ce ba komai.

Zafin Yuni yakan haura digiri 40, sanyin Janairu kuwa ya fi na hunturunmu cizo, ga hazo. Ka sayi mayafin khaddar, saƙar garin. Ka sa a kai ka Sardaryab cin soyayyen kifi a bakin kogi. Tsaraba kuma ba wuya: takalman fata na Charsadda, alewar garin Rajjar, da gur, wanda da ka ɗanɗana za ka ce ai mazarƙwaila ce. A lokacin sanyi ake dafa ta, ka roƙi abokinka ya kai ka gona ka ga ana juya ta a kasko tun da zafinta.